Leƙen Asiri a Hannun 'Yan Barkwanci

A shekarar 1957 wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, ya yi watanni yana bin wasu samari 'yan ci-rani daga Nijar da ke zaune a Treichville, unguwar talakawa ta birnin Abijan. Daga mai dako a tashar jiragen ruwa sai mai tuƙin tasi sai ɗan talla, kuma kowannensu ya ajiye sunan yanka ya ɗauki na wani tauraron silima. Oumarou Ganda, wanda ya yi wa Faransa aikin soja a yaƙin Indocina, shi ne Edward G. Robinson. Abokinsa Petit Touré, mai yawon tallar yadi, ya zaɓi Eddie Constantine, ɗan wasan da ya shahara a finafinan Faransa wajen fitowa a matsayin Lemmy Caution, jami'in binciken sirri na Amurka mai saurin naushi da farin jinin mata. Fim ɗin da ya fito daga wannan aiki, Moi, un noir, ya shiga kasuwa a 1958, kuma tun daga farkonsa Rouch ya sanar da 'yan kallo cewa Touré ya riƙi sunan aron nan da gaske, har ta kai ga an ɗaure shi wata uku ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin. Rigima ce ta haɗa shi da ɗan sanda. Lemmy Caution na cikin majigi yakan naushi wanda ya ga dama ya wuce abinsa. Na Treichville ya gwada sau ɗaya, ya kwana a kurkuku.

Irin wannan mutum, wato ƙaramin mutum da son jaruman leƙen asiri ya mamaye masa zuciya har yake ganin kansa a cikin rigarsu, Turawan Ingila sun mayar da shi abin dariya na musamman a wasanninsu. A ƙasar Hausa kuwa an san jarumin, an kuma san dariyar, sai dai haɗuwarsu ta bi wata hanya dabam. Ɗaya daga cikin dalilan haka yana cikin harshen kansa.

Kalmar asiri, wadda Hausa ta aro daga Larabci, tana da nauyin da ba kowace kalma ke da shi ba. Idan Bahaushe ya roƙi Allah ya rufa masa asiri, abin da yake nema shi ne abinci da sutura da mutunci gwargwadon da ba zai kai ƙara wurin kowa ba. Wanda aka ce yana da rufin asiri bai zama lalle mai kuɗi ba, amma babu mai jin kukansa. Kishiyar wannan ita ce tonon asiri, kuma a tsakaninsu leƙen asiri yake, domin mai leƙe shi ne ke share wa mai tono hanya. Leƙe ta katanga ko ta kafar ƙyaure aikin marar tarbiyya ne, kuma malamai sukan kafa hujja da aya ta 12 ta Suratul Hujurati wajen hana bin diddigin sirrin mutane. Tarihi ma bai gyara wa sana'ar suna ba. Kafin sojojin Gwamna Lugga su ci Kano a 1903, Turawa sun yi ta amfani da 'yan ƙasa masu kai wasiƙu fadar sarakuna suna komowa da labarin abin da suka gani. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Adamu Jakada. Daga baya aka sami ɗan sandan ciki da ɗan rahoto, kuma babu uban da ke alfahari da a kira ɗansa da na biyun. Saboda haka ranar da silima ta kawo wani Bature sanye da kwat tana cewa ga jarumi, sana'arsa leƙen asiri, sunan da Hausa ta tanadar masa tun kafin ya iso ba na yabo ba ne.

A Ingila lamarin ba haka yake ba. Ian Fleming, wanda ya yi aiki a sashen bayanan sirri na sojan ruwan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya fitar da littafin James Bond na farko a 1953. Fim na farko, Dr. No, ya biyo baya a 1962. Tsakanin waɗannan shekaru biyu Birtaniya ta sha kunya a rikicin mashigin ruwa na Suwez a 1956, Gana ta sami 'yanci a 1957, Nijeriya ta bi a 1960. Daular da aka ce rana ba ta faɗuwa a cikinta tana zubewa yanki bayan yanki, sai ga wani Ba'ingile guda a majigi yana shiga duk ƙasar da ya so, ba ya ɓata, ba ya ruɗewa, kuma Amurkawa ma taimaka masa suke yi. Bond lallashi ne ga ƙasar da ƙarfinta ya ragu. Turawan sun gane haka da kansu, shi ya sa shaguɓen bai jima ba: Carry On Spying ya fito a 1964, sannan aka yi Casino Royale na barkwanci a 1967.

Hanyar da waɗannan jarumai suka bi zuwa ƙasar Hausa ita ce gidajen silima, waɗanda yawancinsu na 'yan kasuwa Kwarori ne. An buɗe Rex a Kano a 1937. Gobarar El Duniya ta 1951 ta halaka mutum 331, abin da ya ƙara wa masu ƙyamar silima hujja, amma duk da haka aka buɗe Palace a cikin birni a 1952. A arewacin Gana, garin Tamale, inda Hausa ta daɗe tana harshen zango da kasuwa a tsakanin Dagombawa, yana da nasa gidajen, Rivoli da Victory. Sai dai a garuruwan biyu ba Bature ne ya ci kasuwa ba, Ba'indiye ne. A Kano ta shekarun 1990 finafinan Indiya ne ke cinye mafi yawan dararen mako, na Canis da na Amurka su raba abin da ya saura. Indiyawan kuma sun ƙera nasu Bond ɗin tun da wuri: Jeetendra a Farz na 1967, Dharmendra a Ankhen na 1968, da Mithun Chakraborty a Surakksha na 1979. 'Yan kallon Kano sun raɗa wa taurarin Indiya sunayen Hausa, kuma ɗaya daga ciki ya cancanci a tsaya a kansa. Sanjay Dutt shi ne Ɗan Daba Mai Lasin. Ko da gangan ko bisa katari, da wuya a sami fassarar James Bond da ta fi wannan dacewa, tunda abin da ya raba shi da bos ɗin da yake farauta bai wuce takardar izinin kisa da gwamnati ta ba shi ba.

Akwai kuma wani jarumin da ya iso a kan takarda. Daga 1968 zuwa 1972 kamfanin mujallar Drum ya riƙa buga African Film, labari cikin hotunan mutane na gaske da ake ɗauka a Johannesburg, ana sayarwa a Nijeriya da Gana da Gabashin Afirka. Tauraronta Lance Spearman ne, baƙar fata mai malafa da ɗan gemu da sigari, yana fafatawa da wani mugu mai suna Rabon Zollo. Yaron da ke taimaka masa sunansa Lemmy, sunan da mai tallar yadin Treichville zai gane nan take. Spearman ba abin dariya ba ne, da gaske aka yi shi, kuma 'yan makaranta da gaske suka karɓe shi.

Wanda ya fara juya irin wannan kwaikwayo ya zama abin dariya a fim a yankin nan shi ne Moustapha Alassane na Nijar, kodayake kaboyi ya ɗauka maimakon ɗan leƙen asiri. A fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, wani saurayi ya komo ƙauye daga tafiya da akwati cike da huluna da takalma da bindigogin kaboyi, ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan Ba'amurke, suka hau dawakai suka addabi gari. Farkon fim ɗin raha ne, ƙarshensa gawa. Alassane ya ga abin da kotun Abijan ta gani game da Touré, cewa rigar aro ta jarumi tana zuwa da halinsa, halin kuma ba ya zama lafiya a garin da kowa ya san uban kowa.

A can Ingila, cikakken misalin mai barkwanci da son Bond ya kama shi ne Alan Partridge, halittar ɗan wasa Steve Coogan da abokan rubutunsa, ciki har da Armando Iannucci. Ya fara bayyana a rediyon BBC a 1991 a matsayin mai karanta labarin wasanni, daga baya ya zama mai gabatar da shiri a talabijin wanda tauraronsa ya dusashe, ya koma aikin dare a wani gidan rediyo na garin Norwich. Mutum ne mai girman kai, mai tsoro, marar abokai na ƙwarai, wanda ba ya buɗe baki sai ya ɓata wa wani rai ba tare da ya lura ba. Gwaninsa a duniya Roger Moore ne. A shirinsa na talabijin na 1994 ya yi ta yi wa 'yan kallo alkawarin cewa Moore na hanya, har aka tashi bai iso ba. A wani kashi na 2002 kuma, lokacin yana zaune a gidan tafi-da-gidanka yana jiran a gama masa gini, ya tsara zai kalli dukkan finafinan Bond a jere cikin hutun ƙarshen mako. Lemo ya zube a kan kasusuwan bidiyon, guda ɗayan da ya tsira, The Spy Who Loved Me, aka tarar an ɗora wani shiri a kansa. Sai Alan ya miƙe a gaban baƙinsa ya shiga kwaikwayon farkon fim ɗin shi kaɗai, shi ne jarumi, shi ne kiɗa, shi ne matan da ke rawa, yana fusata da duk wanda ya tuna wani abu ba daidai ba.

Abin da ke ba Ba'ingile dariya a nan kunya ce, amma kunyar da mai kallo ke ji a madadin wanda ba ya jin ta. Bond ya san giyar da ta dace da kowane abinci da maganar da ta dace da kowane zaure. Alan ya haddace duk wannan, ya kuwa kasa aikata ko ɗaya. A ƙasar da lafazin mutum da irin motarsa da unguwarsu ke bayyana ajinsa, tazarar da ke tsakanin wanda kake so a ɗauke ka da wanda kowa ya ga kai ne ita ce rijiyar da barkwancinsu ya fi ɗiba. Wannan ne kuma ya sa Alan Partridge bai yi tafiya mai nisa ba. Sai wanda ya san abin da Norwich take a idon ɗan Landan zai ji zafin wasan. Waɗanda suka ƙetaro zuwa talabijin ɗin Nijeriya suka zauna su ne masu dariyar jiki da ta harshe: Frank Spencer na Some Mothers Do 'Ave 'Em, wanda ba ya taɓa abu ya bar shi da rai, da ajin koyon Turanci na Mind Your Language, sai kuma uban tafiyar, Mista Bin na Rowan Atkinson. Kashi 15 kacal aka yi na wannan wasa daga 1990 zuwa 1995, kusan babu magana a ciki, don haka yaron Fagge da na zangon Tamale ba su buƙaci tafinta ba. Atkinson ɗin ne ya zo ya haɗa igiyoyin biyu a 2003 da Johnny English, labarin ɗan leƙen asirin da ya yarda da kansa ƙwarai alhali bai iya komai ba. Biyu daga cikin marubutan fim ɗin, Neal Purvis da Robert Wade, su ne kuma ke rubuta finafinan Bond na ainihi a lokacin, wato masu ɗinka rigar su ne masu yi mata dariya.

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa sa rigar manya don a yi dariya ba. Kalmar wasan kwaikwayo kanta ta faɗi haka. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, sarkin yana kallo, ya ga yadda ake ganinsa. A kalankuwa samarin ƙauye kan naɗa wa junansu muƙaman mahukunta bayan an kawar da amfanin gona. 'Yan kama sukan ɗauki muryar malami mai karatu su cika ta da zancen tuwo da miya, tashe kuma yakan ba yara damar shigar tsofaffi da malamai a cikin watan azumi. Da rediyo da talabijin suka zo, Usman Baba Pategi ya ɗora a kan wannan turba da Samanja Mazan Fama. Shi tsohon soja ne na gaske da ya ga yaƙin basasa, kuma ya mayar da tsawar bariki da gaurayen Hausa da Turancin soja abin da iyali ke taruwa su saurara daga Kaduna. A duk waɗannan wasanni mai kwaikwayo ya san ba shi ne sarki ba, 'yan kallo sun sani, kuma ya san sun sani. Babu wanda ake jin kunya a madadinsa. Wanda ke cikin haɗarin jin kunya shi ne wanda ake kwaikwayo.

Rabilu Musa, wanda duniya ta sani da Ibro, magajin wannan gida ne. An haife shi a Ɗanlasan ta jihar Kano a 1971, ya yi aikin gandiroba na wasu shekaru kafin ya koma wasa ɗungurungum. Masana'antar finafinan bidiyo ta Kano, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta rabu gida biyu a bakin 'yan kasuwa: finafinan soyayya da waƙa masu bin sawun Indiya, da kuma camama, wato barkwancin da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan, galibi a ƙauye. 'Yan birni sun raina camama, amma ita ce ke ƙarewa a kasuwa, kuma Ibro ne sarkinta. Kasusuwansa sun bi tsohuwar hanyar fatake zuwa Maraɗi da Damagaram, zuwa zangon Kumasi da Tamale. Dabararsa guda ce, ba ta kuma tsufa ba: duk abin da duniya ke yayi, sai ya sa rigarsa ya liƙa masa sunansa. Da waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango suka cika gari aka sami Ibro Awilo. Son Indiya ya haifi Ibro Ɗan Indiya.

A nan ne bambancinsa da Alan Partridge ya fito fili. Alan yana ƙaunar Bond, yana kare martabarsa, kuma da za a ba shi dama da ya zama shi. Ibro ba ya ƙaunar kowa daga cikin waɗanda yake sa rigarsu, cin moriyarsu yake yi. Yana shiga rigar da yunwarsa da tsoronsa da wayonsa na ɗan ƙauye, ba ya ɓoye ko ɗaya, har rigar ta koma daidai da shi. Jarumin leƙen asiri yana rayuwa ne da ɓoye ko shi wane ne, shi kuwa Ibro ba a yi minti biyar da fara fim ba ya tona wa kansa asiri da bakinsa, ya kuma ci gaba da harkarsa ko a jikinsa. Ga jama'ar da aka tarbiyyantar a kan kunya da kawaici, ganin mutumin da aka sauke wa wannan kaya gaba ɗaya hutu ne, irin hutun da wawan sarki ke ba fada.

Lokacin da labarin leƙen asiri mafi girma na zamaninsa ya zo, zaɓin da ya yi ya nuna haka. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, dukkan hukumomin sirri na Amurka da ƙawayenta suna neman mutum guda, hotunan mutumin kuma suna manne a jikin motoci da babura a Kano. A 2002 aka fitar da Ibro Usama. Bai ɗauki rigar mai farauta ba, ya ɗauki rawani da gemun wanda ake farauta, abokan wasansa suka fito a matsayin shugabannin Amurka. Wasa ne da bai bar kowane ɓangare da kwarjininsa ba, kuma a Kano ta wancan lokaci, shekara biyu da ƙaddamar da shari'a, akwai masu ganin cewa ɗaya daga cikin ɓangarorin ba abin wasa ba ne. Wasu malamai da 'yan Hisba sun yi tir da fim ɗin a fili. Bai hana a yi Ibro Saddam ba da yaƙin Iraƙi ya zo.

Abin da manyan duniya ba su jawo masa ba, na gida ya jawo. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma daga 2007, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsananta ƙwarai, tana gurfanar da 'yan fim a gaban kotun tafi-da-gidanka. A watan Oktoba na 2008 aka yanke wa Ibro da abokin aikinsa hukuncin ɗaurin wata biyu. Tuhumar da aka karanta ta shafi rajistar kamfani da fitar da fim ɗin Ibro Aloko ba bisa ƙa'idar hukumar ba. Maganar da ta bazu a gari kuwa ita ce waƙar Mamar da ke cikin fim ɗin ta taɓa wani irin yadi da gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ke yawan sawa. Ko wanne ne dalilin, tsohon gandiroba ya koma gidan yari ta ƙofar da ya saba shigar da wasu, shekara 51 bayan mai tallar yadin Treichville ya yi nasa watannin uku. Da ya fito ya koma bakin camamarsa, bai kuma bar ta ba har rasuwarsa ranar 10 ga Disamba, 2014.